Koyar da harkar yawon buɗe ido: da ci kuwa?

Ɗan Kabawa: Salamu alaikum. Na yi digirin farko a fannin yawon buɗe ido da shirya bukukuwa, yanzu ina kai baƙi gidan tarihin Kanta a Argungu. Raina na son lacca da bincike. Baffana kuwa cewa yake karatun kallon biki na yi. Ta ina zan fara?

Malama Zuru: Wa'alaikumus salam, ƙanena. Koyarwa a jami'a galibi sai da digiri na biyu, na ukun ma ka sa shi a rai. Tallafin TETFund kuwa, wato asusun tallafa wa manyan makarantu, na wanda ya riga ya zama ma'aikacin babbar makarantar gwamnati ne. Ka nemi koyarwa a kwalejin kimiyya da fasaha tukuna.

Tsohon Masunci: Abin bincike ai yana ƙofar gidanku, yaro. Tun 1934 ake bikin kamun kifi na Argungu, UNESCO ta sa shi a kundinta na al'adun gargajiya a 2016. Da aka yi shekara goma ba a yi ba, har 2020, wa ya rubuta asarar masu masauki da masu saƙar homa? Je Matan Fada, kogin da ake bikin, da littafinka, ka zauna da mu.

Ɗan Kabawa: Baba, ina nan tafe ranar Asabar.