Shin raba gidan sauro kyauta ya fi sayar da shi da rahusa?

Ɗalibar jami'a:
Assalamu alaikum. Malaminmu ya ce abin da aka samu kyauta ba a daraja shi, don haka gara a sa wa gidan sauro ɗan kuɗi. Ko akwai binciken da ya gwada wannan magana?

Malamin asibiti:
Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Akwai binciken Jessica Cohen da Pascaline Dupas da aka wallafa a 2010. Sun je asibitocin awon ciki a yammacin Kenya, aka ba wasu mata gidan sauro kyauta, wasu kuma aka sayar musu a farashi daban-daban har zuwa shilin 40. Da aka sa kuɗi, masu karɓa suka ragu ƙwarai, alhali waɗanda suka samu kyauta ba su gaza masu saye wajen kwana a ciki ba.

Wani dattijo:
Malam, na yarda, amma da idona na ga an kewaye lambun tumatir da shi a ƙauyenmu.

Malamin asibiti:
Hakan na faruwa, Baba, sai dai mai cikin da kuɗi ya hana ta samu, ita ce zazzaɓin cizon sauro ya fi yi wa illa.