Tambaya: me ke sa baiko ya karɓu, yawansa ko yadda aka kawo shi?

Yohanna_Garwa:
Salama a gare ku iyaye da 'yan'uwa. Kaka ta gabato, ikilisiyoyi na shirin baikon godiya. Wasu na cewa in ba ka cika ɗaya bisa goma cif ba, baikonka bai karɓu ba. Wasu kuma sun ce zuciya kaɗai Allah ke dubawa. Wanne ne daidai? Kuma manomin auduga, daga jimlar kuɗin zai fitar ko daga abin da ya rage bayan an cire bashin taki?

Baba Fasto, Marwa:
Ɗana Yohanna, duka ɓangarorin sun kama gefe ɗaya sun saki ɗaya. Gwauruwar da ke Markus 12 anini biyu ta zuba, Yesu ya ce ta fi masu arziki. Bulus ma a 2 Korantiyawa 8:12 ya ce ana karɓa gwargwadon abin da mutum yake da shi. To yawa ba shi ne ma'auni ba. Amma "zuciya" ba mafaka ba ce ga mai rowa, domin zuciyar tana fitowa fili a abin da hannu ya ajiye.

Fara da asalin kuɗin. Wanda ya riƙe ladan 'yan ƙwadagon da suka tsince masa auduga, ya kawo sefa 20,000 gaban bagade, kuɗin mutane ya kawo. Yakubu 5:4 ya ce ladan da aka danne yana kuka. A biya ma'aikaci tukuna. Haka wanda ya bar tsohuwarsa ba magani ya ce kuɗin na Allah ne, Yesu ya tsawata wa irin wannan a Markus 7. Sai zumunci: Matiyu 5:23-24 ya ce in ka tuna ɗan'uwanka yana da wata magana a kanka, ajiye baikon, je ku shirya. Rikicin iyakar gona bai wuce wannan ayar ba, ko da shekara goma ya yi.

Batun auduga kuwa, ga yadda na fahimta. A ce ka sayar ta 400,000, kamfanin auduga na Kamaru, SODECOTON, ya cire bashin taki da magani 130,000, ka biya 'yan ƙwadago 50,000. Amfaninka 220,000 ne, ushirinsa 22,000. Kuɗin takin bai taɓa zama naka ba.

Mama Rahila, Ngaundere:
Baba Fasto, a gafarce ni, akwai inda nake jin tsoron wannan lissafi. Da zarar an buɗe ƙofar cirewa, sai mutum ya cire kuɗin makarantar yara, ya cire gyaran babur, ya cire kayan Kirsimeti, abin da ya saura ya kira shi riba. A tsaya kan abin da aka kashe a gonar kanta kawai. Kuma a ware tun ranar da kuɗin ya shigo hannu, kamar yadda 1 Korantiyawa 16:2 ta koyar game da keɓewa a ranar farko ta mako. Kuɗin da ya kwana uku a aljihu ya riga ya sami masu shi.

Sai hatsi, wanda a nan ne aka fi yin ɓarna. Malachi 1:8 ya yi faɗa da masu kawo makauniyar dabba da gurguwa, ya ce su kai wa gwamna su gani ko zai karɓa. Gurguwar tunkiya ta yau ita ce buhun masarar bara da ƙwari suka mayar gari, ko gyaɗar da ba ta gama bushewa ba aka ɗinke. Ɗanyar gyaɗa ta yi sati biyu a ɗakin ajiya sai fumfuna, ta kuma shafa wa buhunan kusa da ita. Mai karɓa ya zura hannu har tsakiyar buhu, ya ciji ƙwaya: in ta yi ƙas ta bushe, in ta lotse a mayar a shanya. Kada a karɓi ragowar irin shuka da aka gauraya da magani, ba abinci ba ne. A jera buhuna kan katako, nesa da bango, a rubuta suna da adadin kwano nan take a gaban mai kawowa.

Ma'aji Bitrus, Kuseri:
Mama ta gama magana kan hatsi. A kwandon kuɗi ma ana samun guragun: yagaggiyar 500 da mai shago ya ƙi, tsofaffin takardun 1992 da BEAC, babban bankin ƙasashen Afirka ta Tsakiya, ya daina aiki da su, har sefar Nijar da ba ta ciyuwa a kasuwarmu. Naira kuwa ba laifi, amma a sa ta a ambulan dabam don a canja. Mai turawa ta Orange Money ko MoMo ya tura lambar ikilisiya, ba wayar wani mutum ba, ya kuma tuna akwai kuɗin cirewa.

Mu masu karɓa ma da namu nauyin. Bulus bai yarda ya ɗauki gudummawar Urushalima shi kaɗai ba, ya haɗa Titus da 'yan'uwan da ikilisiyoyi suka zaɓa, don kada a sami abin zargi. Mutum uku su ƙirga nan da nan bayan sujada, kada su zama 'yan gida ɗaya, su sa hannu a littafi, a karanta rahoto gaban jama'a duk wata uku.

Yohanna_Garwa:
Na gode iyaye. Saura ɗaya, Baba Fasto: kiran sunaye da adadi daga kan mumbari ranar godiya fa, ina matsayinsa da Matiyu 6, inda Yesu ya ce a yi sadaka a ɓoye?