'Yan kabejin da aka kawo mani tsaraba

Maman Nana: Assalamu alaikum. Maigida ya dawo daga Abuja da ledar wasu 'yan kabeji, kowane bai wuce goro ba, an rubuta Brussels sprouts a jiki. Na dafa rabi yadda nake dafa rama, wajen minti 20. Wallahi gidan duk ya ɗauki wari kamar ƙwai ya lalace, ga ɗaci, ga shi ya yi lugub. Yara ko taɓawa ba su yi ba. Sauran yana nan, ina jin takaicin zubarwa.

Anti Bilki: Wa alaikumus salam. Dahuwar ce ta yi yawa, Maman Nana. Shi da kabeji dangi ɗaya ne, in suka daɗe a wuta sinadarin da ke cikinsu ne ke fitar da wannan warin. In a ruwa ne, minti 5 ya ishe shi.

Hajiya Inna: Ni ban ma yarda da ruwan ba. A Ingila na fara cin shi lokacin da na je wankan jegon ɗiyata, can da sanyi suke yayinsa, ba ya rabuwa da teburinsu ranar Kirsimeti. Ki yanke ɗan gindin, ki ɓare ganyen waje da ya yi rawaya, ki raba kowane biyu. Bayan wanki ki tsane shi sosai da tsumma mai tsabta, don in da laima sai ya turara maimakon ya soyu. Kasko ya yi zafi da man gyaɗa kaɗan, ki kifa su ta gefen yankan, kada ki cika kaskon, kuma ki cire hannunki. Nan ne mutane ke kuskure, juyi, juyi. Ki bar shi kamar minti 5 har ƙasan ya yi ja kamar bayan waina, sannan ki juya, ki sa gishiri da tafarnuwa. Zaƙin a wannan jan yake.

Ummi: Hajiya, ni yajin ƙuli nake barbaɗawa bayan na sauke, da ɗan lemon tsami. Tsamin yana danne ɗacin.

Maman Nana: Nawa daskararre ne fa, daga firiza.

Hajiya Inna: To sai kin ƙara haƙuri, ya fi ɗanye ruwa. Ki bari ya saki, ki matse shi a hankali kafin ki raba.

Anti Bilki: Mai obin kuma ta murza masa mai da gishiri, ta gasa a zafin digiri 200 na Salshiyas, minti 20 zuwa 25. Kada dai a sa kanwa, tana narkar da shi.

Yaya Zulai: Wata magana don Allah. Yana da bitamin K da yawa, duk mai shan warfarin, maganin nan na tsinka jini, ya tambayi likitansa kafin ya mayar da shi abincin kullum.

Ummi: Wai masu lambun Ajiwa a Katsina ba za su iya noma shi ba, tunda suna kabeji?

Anti Bilki: Da wuya. Sunansa ma daga birnin Burasel na Beljiyam ya samo. Sanyi mai tsawo yake so, a jikin kara ɗaya 'ya'yan ke jeruwa, in zafi ya riske su sai su buɗe, ba sa dunƙulewa. Hunturunmu gajere ne.

Maman Nana: Hajiya, na gwada da azahar, da yajin Ummi. Nana ta cinye nata, tana tsintar ganyen da ya ƙone a kasko. Guda shida na rage wa maigida.