Tambaya: ganin likitan ƙwaƙwalwa ta bidiyo a gidan tsofaffi yana yi kuwa?

'Yar_Katsina: Salam 'yan uwa. Na samu aiki a gidan kula da tsofaffi a Ingila, wata mai zuwa zan fara in sha Allah, kuma an ce min tun lokacin korona wasu likitocin ƙwaƙwalwa ta bidiyo suke duba tsofaffin. Don Allah masu aikin, abin yana yi kuwa? Ni dai ban ga yadda za a gane damuwar dattijo ta waya ba.

Maman_Haidar: Wa alaikis salam ƙanwata, Allah ya sa albarka. Ina cikin aikin aka kulle ƙasa a Maris 2020, aka hana dangi shigowa, kowane tsoho a ɗakinsa, wasu suka daina cin abinci wasu kuma kuka kawai, likita ba ya shigowa sai ta kama dole, daga baya ne NHS, hukumar lafiya ta ƙasar, ta raba wa gidaje iPad. To ga mai ciwon damuwa wanda hankalinsa ke nan daram yana yi sosai, musamman duba magani, a tambayi barci da cin abinci a ƙara ko a rage. Amma mai ciwon mantuwa, hmm. Akwai wata baiwar Allah da ke ɗauka talabijin aka kunna mata, ta yi ta kallon likita ko uffan. Ke da kike kwana kike tashi da su za a tambaya, shi ya sa ki riƙa rubuta komai, yaushe ta yi barci, me ta ci, yaushe take faɗa.

Malam_Nas: Hajiya ta gama magana, ƙari ɗaya kawai. In tsoho ya rikice farat ɗaya, jiya lafiya lau yau sambatu, kar ki jira ranar bidiyo. Sau da yawa ciwon mafitsara ne ko ƙarancin ruwa a jiki ko rashin bahaya, sai an gwada zafin jiki an taɓa shi. Ki faɗa wa nas ko manaja nan take.

Bakano_a_Leeds: Ki duba batirin na'urar ji da suke sawa a kunne da tabarau kafin a kira, rabin matsalar ke nan wallahi. Kuma a rufe ƙofa, a tambaye shi ko yana so ki zauna, wani ba zai faɗi abin da ke ransa a gabanki ba. Sai intanet, tsofaffin gine-ginen nan wasu ɗakunan sam ba ya kaiwa.

'Yar_Katsina: Na gode ƙwarai, Allah ya saka. Anti Maman Haidar, in tsohuwar ta ƙi magana fa, a kashe bidiyon ne ko a ci gaba?

Maman_Haidar: Kar ki matsa mata. Ki gaya wa likita abin da kika rubuta, ki roƙi ya zo da kansa.