Musayar Waƙa: Ƙasan Teku Ko Sararin Samaniya?

Mai Son Teku:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ga baitocina, amsa-amon "wa" ne. Mai jin zai iya, fili nasa ne.

Da sunan Allah nake buɗe waƙa,
Mai shimfiɗa teku, Mai ɗaukakawa.

Ku masu ɗaga kai kuna ƙirga taurari,
Ku sunkuyo ƙasa, akwai abin dubawa.

Ramin Mariyana a tekun Fasifik,
Kusan kilomita 11 yake nitsewa.

Ka ciro dutsen Eberes ka jefa ciki,
Ko ƙololuwarsa ba mai hangowa.

A 1960 Pikar da Walsh suka shiga,
Ƙwallon ƙarfe ne, ba wurin miƙewa.

Kusan awa 5 jirginsu Trieste na ta gangara,
Tagar waje ta yi ƙara da tsagewa.

Ba su juya ba sai da suka taɓa laka,
Minti 20 kacal, sai tasowa.

Ɗalibar Taurari:
Wa alaikumus salam, Yaya. Na karɓa.

Yaya na ji ka, sannu da ƙoƙari,
Sai dai sama ta fi gaban gwadawa.

Gagarin a 1961 ya kewaye duniya,
Minti 108 ya yi kafin saukowa.

Kana alfahari da kilomita 11,
Wata 384,000 ne kafin cimmawa.

Mutum 12 sun taka ƙasar wata,
Amstron ne na farkon takawa.

Sawun takalminsu yana nan har yau,
Babu iska a can balle sharewa.

Na'urar bincike Voyager ta tashi sama tun 1977,
Har yau tafiya take, babu juyowa.

In ta aiko saƙo da gudun haske,
Ya fi awa 20 kafin isowa.

Mai Son Teku:
Ƙanwata, nisa daban, wuya daban,
Saurara ki ji abin razanarwa.

Mita 200 rana ta fara gajiya,
A mita 1,000 haske ya gama mutuwa.

Can ƙasa ruwa na danna farcen yatsa
Da nauyin tan guda, babu sassautawa.

Ramin da Pikar ya shiga a 1960,
Sai 2012 aka sami mai komawa.

Fuskar wata an zana ta kaf a taswira,
Ƙasan teku kwata aka gama aunawa.

Ɗakin da kike kwana ba ki san lungunsa ba,
Gidan maƙwabci kike ta leƙawa.

Ɗalibar Taurari:
Baitin farcen nan ya taɓa ni, Yaya, sai da na dubi yatsana. Amma ban sallama ba tukuna.

Dattijon Zaure:
'Ya'yana, ku ba tsoho wuri ya sa baki. Shekarar nan da 'yata ta ambata, 1977, tana da wani labarin.

Shekarar da Voyager ta bar duniya,
Ita ce jirgin ƙarƙashin teku Alvin ya yi nasa nitsewa.

Kusa da tsibiran Galafagos ya sauka,
Mita 2,500, duhu ba misaltawa.

Masana duwatsu ne a cikin jirgin,
Ruwan ɗumi suka je nemowa.

Da fitila ta haska bakin maɓuɓɓuga,
Sai ga rai cunkus yana motsawa.

Tsutsa doguwa cikin farin bututu,
Jan kanta kamar fure yana kaɗawa.

Ba ta da baki, ba ta da hanji,
To da me take yin rayuwa?

Ƙwayoyin bakteriya ne a cikin jikinta,
Su ke yi mata aikin ciyarwa.

Daga iskar farar wuta suke haɗa abinci,
Ba su jiran rana ta yi fitowa.

A da an ce rai sai da hasken rana,
Tsutsar nan ta sa aka sake dubawa.

To 'yata, Yuropa, wata mai kewaya duniyar Jufita,
Ƙanƙara ce ta yi masa rufewa.

Masana na ganin teku ne a ƙarƙashi,
Mai gishiri, duhu, ba ya daskarewa.

In rai ya zauna a duhun tekunmu,
Tambayar can ta cancanci ɗagowa.

Ɗalibar Taurari:
Allah ya ƙara girma, Baba. Wallahi ban taɓa haɗa biyun nan a raina ba.

Baba ka ɗaure igiya biyu wuri guda,
Ni da Yaya muka tsaya jayayya da musawa.

Kumbon Europa Clipper ya nufi Yuropa a Oktoban 2024,
Sai 2030 ake sa ran isarwa.

Ba zai sauka ba, wucewa zai riƙa yi,
Yana auna ƙanƙara da na'urar ratsawa.

Ashe jirgin da nake bi da ido a sama,
Teku ya tafi nema, Yaya, ka ji kuwa?

Mai Son Teku:
Na ji, ƙanwata, har tsigar jikina ta tashi.

In Allah ya kai mu 2030 da rai,
Zan ɗaga kai tare da ke ina dubawa.

Ke ki faɗa mini kaurin ƙanƙarar,
Ni zan tambayi zurfin ruwan da take ɓoyewa.