Tun da muka tashi daga Gwale 'yata ta rasa ƙawa, karatunta ya ja baya

Assalamu alaikum iyaye da malamai, don Allah ina neman shawara.

Tagwaye gare ni, mace da namiji, shekararsu tara, suna aji huɗu na firamare. Bayan Babbar Sallah muka tashi daga Gwale muka koma Rijiyar Zaki, dole aka sauya musu makaranta. Namijin cikin sati ɗaya ya shige cikin 'yan ƙwallo, yanzu da la'asar sallama ake yi da shi a ƙofar gida. Ita kuwa shiru. 'Yan matan ajin bibbiyu suke, kowacce da aminiyarta, ko 'yar carafke ba sa sa ta. Lokacin tara ita kaɗai take cin abincinta.

Abin da ya fi damuna, yarinyar da take zuwa ta uku a can, wannan zangon ta zo ta ashirin da biyu. Ta daina ɗaga hannu ko da ta san amsa. A Islamiyya kuwa, inda take tare da 'yar yayata, haddarta lafiya lau.

Na ga malamarsu, ta sauya mata benci, ba ta canza zani ba. Babansu ya ce a sa mata lesin, ni kuma ina ganin ba a nan matsalar take ba.

Wadda ta taɓa fuskantar haka, yaya kika yi? Ko in gayyato ɗaya daga cikin 'yan matan ajin gida?