Mesata ta yi mako bakwai ba ta ci abinci ba: ciwo ne ko halinta ne?

Nura, daga Zariya:

Assalamu alaikum. Ina neman shawarar waɗanda suka riga ni shiga harkar kiwon macizai, musamman ƙaramar mesar nan mai dunƙulewa wadda masana kimiyya ke kira Python regius. Na karɓi tawa a watan Agustan bara daga hannun wani mai kiwo wanda aka ƙyanƙyashe ta a gidansa, a lokacin tsawonta bai wuce santimita 35 ba, nauyinta kuma giram 90. Ranar da na fara ɗaukarta ta cusa kanta a tsakiyar jikinta ta naɗe tamau kamar gammon ɗaukar tulu, shi ya sa ƙanwata ta laƙaba mata suna Gammo, sunan kuwa ya bi ta.

Tun daga nan nake auna ta da sikelin girki a farkon kowane wata ina rubutawa a littafi. A Disambar bara ta kai giram 230, a Yunin bana 520, a farkon Nuwamba kuma 790, tsawonta ya tasam ma santimita 90. A duk wannan lokaci ba ta taɓa ƙin ɓera ba, sai fa idan tana shirin yin saɓa, lokacin da idanunta ke yin hazo-hazo. Amma tun da hunturu ya kankama ta juya wa abinci baya, yau mako bakwai ke nan. Idan na miƙa mata ɓera sai ta leƙo daga ƙarƙashin ƙwaryar da take ɓuya, ta kaɗa harshe sau biyu ko uku, ta koma ciki. Jiya na auna ta na sami giram 772. Saɓar da ta yi a makon jiya ma ba ta fita gaba ɗaya kamar safa yadda ta saba ba, guntu-guntu ta fita, har yanzu akwai saura a wuyanta.

Tambayata ta biyu ta shafi halinta. Da farko ba ta warwarewa a hannuna ko da zan yi rabin sa'a ina riƙe da ita, amma yanzu takan kewaye wuyan hannuna ta miƙe tana leƙe-leƙe, alhali idan abokina ya karɓe ta sai ta sake yin gammo. Shin ta san ni ne, ko kuwa ni ne nake yaudarar kaina?

Malam Sani, daga Kumasi:

Wa alaikumus salam, ɗana Nura. Ka kwantar da hankalinka, domin littafin nan da kake rubutu a ciki ya riga ya amsa rabin tambayarka. Giram 18 cikin 790 bai kai kashi 3 cikin 100 ba, bayan gida ɗaya da za ta yi ma ya isa ya kawo wannan bambanci. Abin da masu kiwo suka saba ɗauka a matsayin alamar damuwa shi ne ta zubar da wajen kashi 10 cikin 100 na nauyinta, ko ka ga ƙashin bayanta ya fito ya yi tsini, fatar gefenta kuma ta yi laushi tana tattarewa. Ina da namiji wanda ya shekara goma sha ɗaya a hannuna, kusan kowace shekara yakan daina ci daga Nuwamba har Fabrairu, wata shekarar ma sai da ya kai wata biyar, ya koma ci kamar babu abin da ya faru.

Dalilin haka yana cikin asalin rayuwarta. Wannan mesa ƴar ƙasarmu ce, ana samunta daga Senegal har zuwa Sudan ta Kudu da Yuganda, a filayen ciyawa da bakin gonaki, kuma da rani takan shige ramin ɓeraye ko tsohon shuri ta yi zamanta inda akwai danshi da zafi madaidaici. Lokacin ne kuma na barbararsu, mace ta zo ta yi ƙwai kamar 3 zuwa 11 ta naɗe su da jikinta har wajen kwana 55 zuwa 60. Jikin taka yana bin wannan tsari ko da a akwati aka haife ta.

Sai dai ba zan ce ka naɗe hannu ba, saboda saɓar da ta fita guntu-guntu tana gaya maka cewa akwatin ya bushe. Mu a nan Kumasi iska tana da laima kusan duk shekara, amma ku a Zariya hunturu kan sauko da laimar iska ƙasa da kashi 20 cikin 100, ita kuwa tana bukatar wajen 55 zuwa 65, har ta haura haka lokacin saɓa. Ka sayi ma'aunin laima da ma'aunin zafi, kada ka dogara da abin da fatar hannunka ta gaya maka. Ka shimfiɗa ɓawon kwakwa da aka daddatsa a ƙasan akwatin ka riƙa yayyafa masa ruwa, ya yi danshi amma kada ya jiƙe sharkaf, ka kuma rufe rabin ragar saman. Gefe ɗaya na akwatin ya kasance da zafin digiri 31 zuwa 33, ɗaya gefen kuma 25 zuwa 27, kowane gefe da tasa maɓoyar, domin kada ta zaɓi tsakanin ɗumi da ɓuya. Idan sanyin asuba ya shiga jikinta ba za ta iya narkar da abinci ba, ita ma ta san haka, shi ya sa ba za ta karɓa ba. Ƙwaryar da ka kifa mata dabara ce mai kyau, matuƙar ta matse ta har jikinta yana taɓa gefe da gefe, don maɓoya mai faɗi ba ta ba su natsuwa. Game da sauran saɓar wuyan, ka sa ta cikin ƙaramin akwati da tawul mai danshi da ɗumi na minti ashirin, za ta goge abinta. Idan ya kasance a kan ido ne ya maƙale, kada ka kuskura ka ɓamɓare da farce.

Ka kuma daina yi mata tayi kullum. Ka jira kwana goma zuwa sha huɗu, ka miƙa da daddare bayan ka kashe fitila, ɓeran kuma ya kasance da ɗumi sosai, domin tana da ƴan ramuka a leɓenta na sama da take jin zafin jikin abin farauta da su.

Dakta Hauwa, likitar dabbobi:

Na yarda da bayanin Baba Sani, amma, Malam Nura, ba ka gaya mana inda kake samo ɓerayen ba, kuma wannan ya fi damuna fiye da azumin da mesar take yi. Ɓeran nan da ake kira Mastomys natalensis, mai yawan nonuwa, shi ne ke ɗauke da ƙwayar cutar zazzaɓin Lassa, kuma cutar ta fi yaɗuwa a Nijeriya daidai wannan lokaci na rani, daga Disamba zuwa Afrilu. Kada ka ɗana tarko a rumbu ko a kwata ka ce za ka ciyar da ita. Ban da haɗarin da ke kanka da iyalinka, ɓeran gida yana iya kasancewa ya ci guba, ko yana ɗauke da tsutsar ciki. Ka nemi fararen ɓerayen da ake kiwo a keji, a kashe a daskarar, ka narkar da ɗaya a ruwan ɗumi idan lokacin ci ya yi. Kada kuma ka bar ɓera mai rai ya kwana da ita. An taɓa kawo mini wata da ɓera ya ci naman bayanta har wuri huɗu cikin dare ɗaya, saboda ita ba ta jin yunwa, kuma dabararta ta kare kai ita ce dunƙulewa, ba faɗa ba.

Akwai alamomin da idan ka gan su magana ta wuce azumin hunturu. Ka kasa kunne ko za ka ji tana fito ko ƙara lokacin numfashi, ka duba ko akwai kumfa ko majina a bakinta, ko tana ɗaga kai sama da baki a buɗe, domin sanyi da bushewar iska kan jawo musu ciwon huhu. Ka duba kewayen idanunta da ƙasan haɓarta ko akwai ƙananan baƙaƙen ƙwari kamar ƙeya, musamman idan ka ga tana yawan kwanciya cikin kwanon ruwa. Idan ta koma cin abinci, ka bar ta kwana biyu cur ba ka taɓa ta ba, don kada ta amayar.

Game da saninka, maciji ba shi da kunne na waje, da harshensa yake ɗanɗanar wari yana kai wa wata gaɓa a rufin bakinsa, kuma yana jin motsi ta jikinsa. Abin da ya fi yiwuwa shi ne ta saba da warinka da yadda kake tallafe ta daga ƙasa ba tare da fizga ba, ta gane cewa wannan hannun ba na shaho ba ne. Ban ce ƙauna ce irin ta kyanwa ko doki ba, amma sabo ne na gaskiya, kuma halayensu sun bambanta: ko cikin waɗanda aka ƙyanƙyashe rana ɗaya za ka sami mai tsoro, ka sami mai son yawo. A ƙarshe, hanjin macizai yana ɗauke da ƙwayar cutar Salmonella mai kama mutane, saboda haka ka wanke hannu da sabulu duk lokacin da ka taɓa ta, kuma sikelin nan kada ya sake komawa wurin girki.

Alhaji Garba, daga Gombe:

Ni ba mai kiwo ba ne, amma na girma kusa da Kaltungo, inda asibitin masu saran maciji yake, saboda haka ku yi mini uzuri idan na kawo wani ɓangare. Yaro, ka tabbata murfin akwatin nan yana da makulli, domin ranar da ta fita ta shiga gidan maƙwabta babu wanda zai tsaya tantance mesa da kasa, sanda za a ɗauko, kai kuma ka shiga bakin mutane. Yaran unguwa da suke ganin ka da ita a hannu, ka gaya musu ƙarara cewa wannan ba ta da dafi, amma kububuwa da kasa da ke bayan gari suna kisa, kada wani ya je ya kwaikwaye ka. Ba ko'ina ne kamar Wida ta Jamhuriyar Benin ba, inda aka gina wa irin wannan mesa ɗaki ana girmama ta, ko yankin Idemili na jihar Anambara inda ba a kashe ta. Sannan tana cikin dabbobin da yarjejeniyar CITES, wato yarjejeniyar ƙasashen duniya kan fataucin namun daji, ta sa wa cinikinsu ƙa'ida, saboda yawan fitar da su da ake yi daga Ghana da Togo da Benin zuwa Turai da Amurka, don haka ka je ofishin kula da gandun daji na jiharku ka ji matsayin doka. Ka kuma tambayi kanka wanda zai riƙe ta idan karatu ko aiki ya ɗauke ka, tunda a hannun mutane takan yi shekara 20 zuwa 30.

Nura, daga Zariya:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka wa kowa da alheri. Na sayo ma'aunan biyu kamar yadda Baba Sani ya ce, kuma abin da na gani ya ba ni kunya: da ƙarfe biyar na asuba zafin akwatin digiri 19 ne, laimar kuma kashi 24 cikin 100, ashe duk daren da aka ɗauke wuta abin ɗumama ƙasan akwatin yana mutuwa ni ina barci. Na matsar da akwatin daga jikin taga, na lulluɓe gefe uku da bargo, na haɗa abin ɗumamar da batirin sola tare da na'urar da ke kashe shi idan zafi ya kai 32. Sauran saɓar ta fita da tawul ɗin tun a karo na farko. Dakta, ɓerayen na keji ne, ina saye daskararru, sikelin kuma na saya wa Inna sabo. Alhaji, na sa kwaɗo biyu a murfin, zan kuma je ofishin ranar Litinin in Allah ya yarda.

Har yanzu ba ta ci ba. Amma daren jiya, wajen ƙarfe goma sha ɗaya, na haska fitila a hankali na same ta ta fito da kanta da wuyanta daga bakin ƙwaryar, ta lanƙwasa wuyan ta tsaya cak tana fuskantar ƙofar akwatin, yadda take yi a da idan tana jiran ɓera. Kwana shida ke nan da tayin ƙarshe, saboda haka zan daure in cika goman kafin in sake gwadawa. Baba Sani, idan lokacin ya yi, in ba ta irin girman da ta saba, mai giram 70, ko in fara da ƙarami?

Malam Sani, daga Kumasi:

Ka fara da ƙarami, kamar mai giram 40, domin cikin da ya yi wata biyu a rufe ba a buɗe shi da babban kaya. Idan ta karɓa ta riƙe shi, bayan kwana goma ka koma wa na 70 ɗin. Ma'aunin zafin kuma kada ka ajiye shi idan hunturu ya wuce, saboda a Maris da Afrilu ɗakin da ke da rufin kwano a Zariya yana iya haura digiri 35, kuma zafi irin wannan ya fi sanyi saurin kashe ta.